Mil Tara

Kafin asuba na kwance igiyar jirgi
a gaɓar Grand Isle, ruwa baƙi kamar tawada.
Odile, jikata, ta rungume fatsarta da hannu biyu,
shekararta tara, ba ta taɓa nisa da tudu ba.
Ta ce, "Kaka, ina layin yake,
wanda kuke ta musu a kansa a shagon Telesphore?"

Na ce ta zuba ido, za ta gani.
Ƙarya na yi mata.

Mil tara daga yashin da muka baro,
nan jiha ta ce ikonta ya tsaya,
tarayya ta ɗauka har inda ido ya gaza.
Ba shinge, ba turke, ba tuta,
sai 'yar lamba mai ƙyaftawa a na'urar gaban jirgi.
Ruwan baya gishiri, ruwan gaba gishiri,
ɗaya a buɗe yau, ɗaya a kulle,
shi kuwa jan kifi bai yi makaranta ba.

Mutanen Baton Rouge sun ce su suka san ruwansu.
Ga su nan kullum a bakin gaɓa da sikeli,
suna awo, suna rubutu, hannu duk ƙarni.
Na Washington sun ce kifi ba shi da jiha,
wanda ya kwana a Luwiziyana yana iya yini a Misisipi,
in kowa ya ƙirga abin da ya ci,
wa zai ƙirga abin da ya rage?

Na zagi tarayya, ban ɓoye ba,
shekarar da suka ba mu kwanakin da ba su cika yatsun hannu ba,
guguwa ta cinye biyu, injina ya ƙi tashi a na uku.
Amma akwai zancen da ba na kaiwa shagon Telesphore.
Ina saurayi muka share ruwan nan tas,
ni da babana da duk mai jirgi,
har aka kai muna yini da koto ba mai taɓawa.
Ba gwamnati ce ta kwashe su ba, mu ne.
Wanda ya ɗaure mana hannu shi ya dawo da su,
ko da yake ɗaurin ya bar mana tabo.

Da hantsi, kusa da ƙafafun tsohuwar rijiyar mai,
fatsar Odile ta lanƙwashe.
Ta ja, ta cije leɓe, ta ƙi in taya ta,
sai ga shi ya fito, jawur kamar garwashi,
ya fi tsawon hannunta.
Na waiga na dubi na'ura.
Tara da rabi.
Igiyar ruwa ta ja mu muna ta hira.

Ba jirgin kowa a kusa, ba mai kaki.
Amma kifi na ganinka, mai jar koma,
balle yarinya mai shekara tara.
Na zare ƙugiya, na mayar da shi.

Bai nitse ba.
Fitowa daga zurfi ta kumbura masa ciki,
ya yi ta yawo a saman ruwa, gefensa na ƙyalli,
tsuntsaye suka fara sauko masa ɗaya-ɗaya.

Na juya jirgi, na koma baya rabin mil.
Can ta kama wani, ƙarami, mai takarda.
Da yamma Armantine ta hukumar jiha ta ɗora shi a sikeli,
ta rubuta nauyinsa, ta ce sannu da aiki.

Odile ba ta amsa ba.
Sai da muka hau mota, tana kankare ɓawon kifi daga yatsunta,
ta ce, "Kaka, wancan na farkon fa,
a littafin wa za a rubuta shi?"